Tun da na yi ritaya komai nawa ya tsaya, ina mafita?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mazaunin Kubwa a Abuja. Na yi ritaya bara daga aikin gwamnatin tarayya bayan na cika shekara 35, aikin da na fara tun ma'aikatarmu tana Legas. Lokacin da nake aiki nakan tashi kafin assalatu, in karanta izu guda, in yi asuba, in kama hanya kafin cunkoso. Yanzu lokaci har ya yi mini yawa, amma na kasa taɓuka komai. Bayan asuba nakan koma barci sai hantsi, in yini riƙe da waya, dare ya yi kuma barci ya ƙi zuwa. Karatun ya tsaya, gonar da na saya a hanyar Bwari na daɗe ban leƙa ta ba. Yara sun kama gabansu, uwargida tana shagonta har magariba. Kusan kowace Lahadi nakan rubuta jadawali in ce Litinin zan fara, kafin Laraba ya rushe. Abokai suna cewa in zuba kuɗin sallama a kiwon kaji, 'yan'uwa suna cewa in tattara in koma gida Zariya. Shin lalaci ne ya kama ni da girma ya zo?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa albarka a shekarun da ka yi kana hidima, ya kuma sa na gaba su fi na baya alheri. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin na ga ita ce ta fi ci maka tuwo a ƙwarya. Ba na jin lalaci ne. Mutumin da ya shafe shekara 35 yana riga ladan tashi, ya yi karatunsa, ya kama hanya tun gari bai waye ba, halinsa sananne ne, kuma irin wannan hali ba ya gushewa don an miƙa wa mutum takardar sallama. Idan ka ci gaba da kiran kanka malalaci, kunya za ta ƙaru a kan nauyin jikin da kake ji, ita kuwa kunya ba ta taɓa tayar da kowa daga shimfiɗa ba.

Abin da nake ganin ya faru shi ne, duk kyawawan ɗabi'un nan naka a jikin aikin ofis suke rataye, ko da ba ka lura ba. Kana tashi da wuri domin ka san idan ƙarfe shida da rabi ta same ka a gida, babban titin Kubwa zai riƙe ka har ka makara. Kana karanta izunka kafin asuba domin ka san bayan sallah babu sauran zama. Kana kwanciya da wuri domin gajiya ta riga ta yi maka dukan kawo wuƙa, kuma gobe ma akwai fita. Akwai rajistar da za ka sa wa hannu, akwai fayil da ke jiran ka a tebur, akwai na sama da zai tambaya, akwai na ƙasa da ba zai iya motsi ba sai ka zo, akwai abokan da kuke sahu ɗaya da su a azahar sannan ku ci abinci tare. Ba ka taɓa zama da safe kana tambayar zuciyarka ko tana da sha'awar fita ba, domin tambayar ma ba ta taso ba. Ka san yadda manoman doya a kewayen Bwari suke kafa wa shuka sanda domin yaɗonta ya hau. Ranar da aka zare sandar, yaɗon zai kwanta a ƙasa, amma doyar tana nan da ranta a cikin ƙasa. Ritaya ta zare maka sandar ne a rana ɗaya, kuma aikin da ke gabanka yanzu shi ne kafa wata da hannunka.

Zaman Abuja ma ya ƙara wa abin nauyi, kuma ya kamata a faɗi haka. Gari ne da aka gina shi domin aiki, kuma irinku da aka kwaso daga Legas bayan gwamnati ta tare a nan a Disambar 1991, yawancin zumuncin da kuka ƙulla a ofis kuka ƙulla shi. A Zariya ko Kano, dattijon da ya ajiye aiki yana da majalisar ƙofar gida, yana da abokan ƙuruciya, kuma ɗaurin aure da suna da jana'iza kaɗai sun isa su cika masa mako. A Kubwa kuwa maƙwabta da asuba suke fita, da dare suke dawowa, unguwa takan yi tsit ranar Talata da hantsi, ka duba hagu da dama ba ka ga sa'anka ba. Ga wayar da a da ba ta hutawa, yanzu sai ta yini ba ta yi ƙara ba, waɗanda suke rusuna maka a ofis sun koma rusuna wa wanda ya gaje ka. Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, saboda haka kowa ya san ranar tafiyarsa tun da nisa, amma shirin da akan yi bai wuce na takardun fansho ba. Ba a cika shirya wa mutum yadda zai yi da safiyarsa ba, balle yadda zai yi da rashin waɗanda suke bukatarsa. Wannan rashi ne na gaske, kuma ba abin kunya ba ne namiji ya ji zafinsa.

Kafin komai, ina roƙon ka je asibiti. Na sa wannan a gaba ne domin akwai cututtukan da suke shigowa da rigar kasala, musamman a shekarunka. Ciwon suga yana kawo gajiya da yawan fitsarin dare mai hana barci, ƙarancin jini yana kashe jiki, hawan jini kuma yakan daɗe bai nuna alama ba, don haka a auna su duka. Ka tambayi Hajiya ko kana minshari mai ƙarfi har numfashinka ya riƙa ɗaukewa cikin barci, domin mai wannan lalura yakan kwana ya tashi kamar bai runtsa ba. Sannan ka faɗa wa likita halin da zuciyarka take ciki ba tare da rufa-rufa ba. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum yana cikin ƙunci, ko abubuwan da yake jin daɗinsu a da sun daina yi masa daɗi, barcinsa da cin abincinsa sun sauya, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, to likitoci suna duba yiwuwar ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magance shi. Babban Asibitin Kubwa yana kusa da kai don gwaje-gwajen farko, akwai kuma likitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da ke cikin gari da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Idan kuwa tunanin cewa gara mutuwa ya taɓa zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa Hajiya ko wani amininka, ku ga likita a ranar. Zuwa asibiti bai saɓa wa tawakkali ba, kuma ba ya hana addu'a. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya kasance yana neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas, sai ka lizimci wannan addu'ar safe da yamma.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kana zaune kana jiran karsashi ya dawo sannan ka tashi, alhali a mafi yawan lokuta tashin ne yake jawo karsashin. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da gane haka, har suna da hanyar jinya da aka gina a kansa, inda ake sa mai damuwa ya tsara ƙananan ayyuka a lokuta sanannu, ya yi su ko yana so ko ba ya so, sannan a duba yadda ya ji bayan ya gama. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya daina yin abubuwa ya daina samun ɗan daɗin da kammala abu yake kawowa, rashin wannan daɗin ya ƙara kashe masa jiki, mutuwar jikin ta ƙara hana shi yi, haka abin zai yi ta zagayawa. Ba a karya wannan zagayen da tunani ko da yi wa kai faɗa cikin dare, da ƙafa ake karya shi. Kai ma shaida ne, domin ba kowace Litinin ce ka tashi kana marmarin ofis ba, amma da ka isa ka buɗe fayil na farko, jikinka yakan saki.

Wannan ya kawo mu ga jadawalin daren Lahadi, wanda nake ba ka shawarar ka daina rubuta shi. Ina kyautata zaton abin da kake zubawa a takardar nan shi ne rayuwarka ta da gaba ɗayanta, tashin ƙarfe huɗu, izu guda, motsa jiki, gona, ziyara, duk a tashi ɗaya. Mutumin da ya yi watanni yana barcin hantsi ba zai iya ɗaukar wannan kaya ranar Litinin ba, kuma duk Larabar da jadawalin ya rushe tana ƙara tabbatar maka da zargin da kake yi wa kanka. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ka bar maganar izu tukuna, ka koma sumuni guda. Na san za ka ji kamar raini ne ga mai sauke Alƙur'ani duk wata biyu, amma sumunin da ake karantawa kullum yana tafiya, izun da ake niyya kuwa yana nan inda yake. Ka karanta shi a masallaci bayan an sallame asuba, kafin ka miƙe daga inda kake zaune, kuma ko ka ji daɗin karatun kada ka ƙara a makonnin farko. Ka tashi kana marmarin ƙari, wannan marmarin shi ne zai dawo da kai gobe. Idan ya zauna, sai ka koma rubu'i.

Ka lura na ce bayan asuba, ban ce ƙarfe kaza ba. Sabuwar ɗabi'a ta fi kamawa idan aka jingina ta da abin da mutum ya riga ya saba yi ba fashi, kuma kai kana da irin waɗannan guda biyar a kowace rana, waɗanda ritaya ba ta taɓa su ba. Safiya ce wurin da za ka fi sa ƙarfi, domin ita ce take lalata sauran yinin. Barcin bayan asuba har hantsi shi ne yake cinye barcin dare, rashin barcin dare kuma ya sake jefa ka cikin na safe. Saboda haka idan ka gama sumuninka kada ka nufi gida kai tsaye, domin ƙafar da ta shiga ɗaki a wannan lokacin gado za ta nufa. Ka fito masallaci da takalmin da za ka iya tafiya da shi, ka yi tattaki na minti 15 ko 20 a cikin unguwa har gari ya yi haske. Hasken safiya yana daidaita wa jiki lokacin barci da na farkawa, kuma a garin da rana take zafi tun da hantsi, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, babu lokacin tafiya da ya kai wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma a hankali za ka kai can. Ka dawo ka yi wanka, ka sa tufafin fita ko da babu inda za ka, ka karya kumallo a zaune. Idan barci ya matsa, ka yi ƙailula gajeriya wajen azahar, kada ta wuce rabin awa. Ita kuwa waya, ka bar ta tana caji a falo idan za ka kwanta, labaran siyasa da saƙonnin WhatsApp za su jira ka.

Za a yi ranar da za ka fasa, wataƙila ma a makon farko. An yi wani bincike a University College London, wanda Phillippa Lally da abokan aikinta suka fitar a 2009, inda aka bi mutum 96 da suka ɗauki sabuwar ɗabi'a ta ci ko sha ko motsa jiki. An samu cewa lokacin da ɗabi'a take ɗauka kafin ta zama jiki ya bambanta ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa 254, tsaka-tsakinsa kuwa kwana 66, kuma tsallake rana guda bai ɓata tafiyar ba. Ke nan Larabar da kake ɗauka a matsayin rushewar komai rana ɗaya ce kawai ta kuɓuce. Ka koma ranar Alhamis, kada ka jira wata Litinin, kuma kada ka ce za ka rama na jiya ka haɗa da na yau.

Duk waɗannan ba za su daɗe ba idan kai kaɗai ka san da su, kuma a ganina nan ne asalin maganin yake. Abin da ya fitar da kai daga gida shekara 35 shi ne akwai masu jiran ka, to ka sake samar wa kanka masu jira. Tattakin safe ka nemi wani dattijo a sahun asuba ku riƙa yi tare, wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa idan bai gan ka ba. Karatun ka samu malami ko aboki da za ka riƙa kai wa tilawa rana ɗaya sananniya a mako. Sannan ka dubi abin da ke hannunka wanda kake rainawa. Ka san yadda ake rubuta wasiƙar hukuma, ka san yadda ake tsara bayanin taro da lissafin kuɗi, ka san ƙofar da ake bi da takarda da wadda ba a bi. Kwamitin masallacinku da Islamiyyar unguwa suna fama da ƙarancin mai irin wannan sani, haka matasan da suke neman aiki ba su iya tsara takardunsu ba, haka matan da mazajensu suka rasu suna bin haƙƙoƙinsu ba su san inda za su dosa ba. Ka je ka ce wa liman ko shugaban makaranta kana da safiyar Talata da ta Alhamis, ka ɗauki aiki guda mai suna wanda idan ba ka zo ba za a ga gurbinka. Kada ka karɓi shugabancin komai yanzu, aiki kake nema mai rana da lokaci. Gonar ma haka, ka sa mata ranar Asabar, ka yi alkawari da wanda zai yi maka aiki cewa zai same ka a can da safe, kuma zuwan farko ba sai ka yi komai ba, ka zagaya iyakarta ka ga halin da take ciki kafin ruwa ya sauka.

Game da kiwon kaji, ina roƙon ka dakata. Ba sana'ar nake kushewa ba, mutane da yawa suna ci da ita, amma tana bukatar ido kullum, abincin kaji yana cin kuɗi tun kafin a ga ƙwai ko guda, kuma cuta ɗaya tana iya share keji cikin 'yan kwanaki. Wanda yake fama da tashi da safe bai kamata ya ɗora wa kansa ran 'yan tsaki ɗari biyar ba. Abin da na fi tsoro shi ne mutum ya shiga babbar harka domin ya cike gurbin da ofis ya bari a zuciyarsa, ya sa kuɗin da ba za a sake biyan sa irinsu ba. Kuɗin sallama sau ɗaya ake karɓar su. Idan sha'awar tana nan, ka riƙa zuwa gonar wani mai kiwon kana gani da idonka na wasu watanni, ka fara da kaɗan da kuɗin da asararsu ba za ta taɓa cefanen gida ba, kuma ka toshe kunnenka daga duk mai yi maka alkawarin riba mai tsoka kowane wata ba tare da ka ga abin da ake saye da sayarwa ba, domin 'yan fansho su ne abin farautar irin waɗannan.

Hajiya ma a sa ta a cikin maganar. Tana ganin abin da ke faruwa, wataƙila tana shiru ne don kada ta taɓa maka girma, ko kuma tana fassara shirunka da fushi. Ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, ka kuma gaya mata abu biyu ko uku da ka ɗauka, domin ta taya ka tsare su ba tare da gori ba. Idan kai ta shago da safe ko ɗauko mata kaya daga kasuwa zai yiwu, ka karɓi wannan ma, fita ce mai dalili kuma akwai mai jira a ƙarshenta.

Maganar komawa Zariya kuwa ba zan ce maka kada ka koma ba, domin mai yiwuwa a can hutunka yake, kusa da dangi da majalisar da na ambata. Sai dai kada ka yanke wannan hukunci a halin da kake ciki, kuma kada ka sayar da gidan Kubwa a kan zaton cewa sauya gari zai sauya safiyarka. Garin da ka bari kana saurayi ya sauya, wasu abokan sun rasu, ga shagon Hajiya da abokan cinikinta a nan suke, kuma tana da haƙƙin a ji ta bakinta. Ka ba kanka kamar wata shida kana kan waɗannan ƙananan abubuwa, sannan ka hau jirgin ƙasa daga tashar Kubwa zuwa Kaduna ka ƙarasa gida, ka yi wata guda cur, a lokacin da babu biki babu sallah, ka ga yadda ranakun Talata da Laraba suke wucewa a can, wa kake zama da shi, me kake yi tsakanin hantsi da azahar. Idan ka dawo, ku zauna da Hajiya da manyan 'ya'yanka ku yanke shawara, bayan ka yi istihara.